Ranar da Auta Ya Ajiye Filaya

An yi wani dattijo a wani gari da ke kan hanyar Zariya zuwa Funtuwa, ana ce masa Baba Mai Waya. Da ƙuruciyarsa ma'aikacin lantarki ne a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri a Kaduna, shi ke kula da wutar injinan saƙa. Da masaƙun suka shiga rufewa ɗaya bayan ɗaya, sai ya ɗaure akwatin kayan aikinsa ya komo gida, ya kama shago a bakin kasuwa tsakanin mai faci da mai shayi. Gyaran fanka ne, dutsen guga ne, jan waya a sabon gini ne, babu wanda yake mayarwa. Amma abin da aka fi saninsa da shi a garin shi ne wani ɗan baƙin allo da ya rataye a bango, da guntun alli da ba ya rabuwa da aljihunsa. Kowane aiki aka kawo, sai ya rubuta lambobi tukuna kafin ya ɗauki sukudireba. Masu gaggawa su ce tsohon ya cika nawa. Waɗanda suka daɗe da shi kuwa sai su ce, to amma wa ya taɓa dawo masa da aiki?

Yara biyu ne a hannunsa. Babban shi ne Tanko, wanda ya riga ya ƙware. Hannunsa da sauri, bakinsa da zaƙi, kafin a gama yi masa bayanin aiki ya riga ya hau tsani. Ƙaramin kuwa Auta ake ce masa, ɗan wata mai ƙosai da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya. Karatunsa ya tsaya a aji uku na ƙaramar sakandare, amma lissafin sau da na rabawa bai bar kansa ba. Shi ne mai shara, shi ne mai riƙe tsani, shi ne kuma mai goge allo. Kafin ya goge kuwa, sai ya tsaya ya karanta abin da ke kai.

Wata rana da hantsi wani tela ya shigo da dutsen guga a hannu, ransa a ɓace. Ya ce dutsen ya mutu, da magariba ko ɗumi ba ya yi, ga ɗinkin biki jibge a gabansa. Tanko ya karɓa, ya juya shi, ya ce abin ɗumamar cikin ne ya ƙone, a ba shi rabin awa ya sake sabo. Baba ya ce a dakata. Ya sa aka jona dutsen, ya ɗauko tsohuwar mitarsa mai baki wadda ya zo da ita daga masaƙa, ya kama waya ɗaya da bakin. Mita ta nuna amfiya 5. Ya auna bakin soket, ta nuna bolt 240, don wutar gida a Najeriya 230 ce a ƙa'ida, amma takan hau takan sauka.

Sai ya juya ga allo, ya ce su tuna masu noman rani a fadama. Inji yana tura ruwa cikin tiyo: ƙarfin turin shi ne bolt, yawan ruwan da ke wucewa shi ne amfiya, matsin tiyon da ke hana ruwan sakewa shi ne turjiya, wadda ake aunawa da om. Ya ce duk wanda ya san biyu daga cikin ukun nan, na ukun ba zai ɓoye masa ba. A raba bolt da amfiya, a sami om. Ya rubuta 240, ya raba da 5, sai ga 48. Ya ce turjiyar dutsen ke nan. A kuma ninka bolt da amfiya, a sami wat, wato ƙarfin aikin da abin yake yi. Ya rubuta 240 sau 5, sai ga 1200. Ya kife dutsen ya nuna wa tela 'yar takardar da ke manne a gindinsa, ga 1200 rubuce. Ya ce dutse lafiyarsa lau, a je a duba wutar shago.

Da magariba ya aiki yaran biyu shagon tela, can ƙarshen layi inda wayar unguwa ta yi nisa da taransifoma. Suka auna, suka tarar bolt 120. Da suka dawo Baba ya tambaye su, to yanzu wat nawa dutsen yake bayarwa a can? Tanko ya ce ai wannan ba sai an rubuta ba, wuta ta ragu da rabi, zafi ma ya ragu da rabi, 600 ke nan. Baba bai ce uffan ba, ya miƙa wa Auta alli. Auta ya raba 120 da 48, ya sami amfiya biyu da rabi. Ya ninka 120 da biyu da rabi, ya sami 300. Ya dubi allo, ya dubi Tanko, ya sunkuyar da kai. Baba ya ce haka ne, kashi ɗaya cikin huɗu ne ya rage, domin idan turi ya ragu da rabi, abin da ke gudu ma ya ragu da rabi, rabin rabi kuwa kwata ne. Tela ya koma yin gugarsa da sassafe, kuɗin gyara ya zauna a aljihunsa.

A daren nan, a bencin mai shayi, Auta ya tambayi Baba wa ya fara gano wannan lissafi. Baba ya ce wani Bajamushe ne mai suna Georg Ohm, ɗan maƙerin makullai, malamin lissafi a wata makaranta a birnin Kolon. Ya yi ta gwada wayoyi, dogaye da gajeru, sirara da masu kauri, har a 1827 ya buga littafi ya bayyana abin da ya gani. Manyan masanan ƙasarsa suka yi biris da shi, ya bar koyarwar Kolon ya yi shekaru cikin ƙunci, sai a 1841 ƙungiyar masana kimiyya ta Landan ta ba shi babbar lambar yabonta. Ya ce a daidai wannan lokaci kuma wani Bature ɗan Ingila, James Joule, ya auna zafin da waya ke fitarwa, ya tarar da abin da ya kamata kowane mai jan waya ya haddace: a ninka amfiya da kanta, sannan a ninka da om, shi ne wat ɗin zafin. Ya ce su gwada da dutsen tela, 5 sau 5 sau 48, su ga ko ba 1200 ɗin nan ba ce. Amfiya in ta ninka biyu, zafi ya ninka huɗu. In ta ninka goma, zafi ya ninka ɗari. Tanko ya kurɓi shayi ya ce Turawa dai da dogon zance, shi hannunsa ya san waya ko a cikin duhu. Baba ya ce hannu ya san wayar da ya saba da ita.

Ana nan ana nan, yanar ido ta matsa wa Baba, aka sa masa ranar aiki a asibitin ido a Kaduna. Ran da zai tafi ya miƙa wa Tanko makullin shago, ya ce shi ne babba, ya riƙe. Ya ba Auta ƙaramar mita mai allon lamba da guntun alli, ya ce shi kuma ya riƙe waɗannan. Tanko ya yi dariya ya ce rabon ya yi daidai.

Azumin shekarar ya zo cikin tsakiyar bazara. Saura kwana uku a ga wata, sai ga aike daga Hajiya mai ƙanƙara, wadda ke da babban shago a bayan tasha, inda ake ɗaura zoɓo da kunun aya da ruwan sanyi. Ta gaji da sayen man janareta, ta sayo faifan sola da batura biyu da inbata mai bolt 12, tana so a haɗa mata kafin a kai azumin farko. Tanko ya je ya duba, ya yi mata lissafin kuɗin kaya da na aiki, ta ƙirga na kayan ta ba shi ba ta rage ko sisi ba. Ya shiga kasuwa, ya sami wani ragowar nadin waya mai lamba 2.5 da araha, irin kaurin da ake ja wa soket a ɗaki, ya saya. Abin da ya yi saura ya sa a aljihu, bai kuma ɗauke shi sata ba, ya ɗauke shi ladan wayo. Ya gaya wa Auta cewa in aiki ya yi kyau, kashi ɗaya cikin uku na kuɗin aiki nasa ne.

Auta bai taɓa riƙe kuɗi irin wannan ba. Tun a hanya ya riga ya kashe su a zuci: sabon kasko ga Inna, don nata ya huje har ana toshe shi, da yadin Sallah ga ƙannensa mata biyu, in da saura kuma takalmi.

Washegari Tanko ya hau rufi yana ɗaura faifai, ya bar wa Auta aikin ƙasa. Ya ce ya yanki waya ya haɗa batura da inbata, mita ɗaya da rabi zuwa, mita ɗaya da rabi dawowa. Auta ya auna ya yanka, ya feɗe bakin wayar. Har ya ɗauki filaya zai murɗe, sai ya tuna bai rubuta komai ba. Ya jawo wani kwalin lemo, ya zaga shagon yana karanta takardun da ke jikin kaya. Firiza uku, kowace wat 200, 600 ke nan. Fanka biyu, kowace 75, 150. Ƙwan fitila goma, kowane 15, wata 150. Injin markaɗen aya, 300. Ya tara, sai ga 1200. Ya yi murmushi, don lambar dutsen tela ce, amfiya 5 kacal, wayar nan kuwa tana ɗaukar amfiya ashirin ba tare da ta damu ba.

Murmushin bai daɗe ba. Amfiya 5 ɗin nan a bakin soket take, inda bolt 240 ke turi. Wayar da ke hannunsa kuwa ba can za ta zauna ba, tsakanin batir da inbata za ta zauna, inda bolt 12 ne kawai. Ya raba 1200 da 12. Amsar ta fito 100. Ya goge ya sake, ta sake fitowa 100. Amfiya ɗari, ban da abin da inbata kanta za ta ci, ban da fizgar da firiza ke yi in za ta tashi.

Ya ce a ransa bari dai ya ji ta bakin wayar kanta. Akwai ƙwan fitilar mota mai wat 60 a jakar aiki, wanda Baba ke gwaji da shi. Ya haɗa wayar mita ukun nan jere da ƙwan, ya jona da batir, ƙwan ya kama, mita ta nuna amfiya 5. Ya mayar da mitar awon bolt, ya ɗora tsinke ɗaya a farkon wayar, ɗaya a ƙarshenta. Ta nuna 0.15. Ya raba 0.15 da 5, ya sami om 0.03. Abin ya ɗaure masa kai, don ya san a allon Baba cewa jan ƙarfe na gaske mai wannan kauri om 0.007 yake yi a kowace mita, mita uku bai kamata su wuce 0.021 ba. Ya zaro wuƙa ya kankare silin waya ɗaya. Jan ya tafi, fari ya fito. Ashe alminiyon ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama.

Ya koma kan kwali. A amfiya 5, zafin da wayar za ta fitar 5 sau 5 sau 0.03 ne, bai kai wat ɗaya ba, ko jariri ya riƙe ba zai ji ba. A amfiya 100 kuwa, 100 sau 100 sau 0.03, wat 300. Amfiya ta ninka ashirin, zafi ya ninka ɗari huɗu. Ya bi ta ɗaya hanyar ko Allah zai sa ya ga kuskure: amfiya 100 sau om 0.03, bolt 3 za su zube a cikin wayar kafin su isa inbata, bolt 3 sau amfiya 100 kuma, 300 ɗin dai ce. Wat 300, daidai abin da dutsen tela ke bayarwa da magariba. Amma dutse ƙarfe ne mai kauri da aka ƙera don zafi. Wannan kuwa siririyar waya ce a cikin rigar roba.

Ya ɗaga kai ya dubi wurin. Gefen batura an tara kwalaye da damin leda har kusa da rufi. Bayan katangar katako kuma ga tabarmi biyu a naɗe, na 'yan matan da ke ɗaura zoɓo, waɗanda in aiki ya kai su dare a nan suke kwana.

Ya fita ya tsaya a gindin tsani, ya kira Tanko a hankali yadda Hajiya ba za ta ji ba. Ya ce Yaya, wayar nan ba za ta ɗauka ba, ga abin da ya samu. Tanko ya sauko yana share gumi, ya dubi kwalin sama-sama, ya ce irin wannan wayar ce a gidan Hajiyar, shekara da shekaru ana guga da ita, me ya same ta? Kuma bolt 12 har wata wuta ce, abin da mutum zai kama da hannu ko gezau? Auta ya ce gaskiya ne ba ta jan mutum, amma ba bolt ke dafa waya ba, amfiya ce. Tanko ya ɓata rai. Ya ce tun Auta bai san bambancin jar waya da baƙa ba yake wannan aiki, kuma kuɗin kaya sun riga sun ƙare, waya mai kauri ba a samunta sai an je Zariya, azumi kuma jibi. Ya ce ko ya murɗe wayar nan yanzu, ko ya ajiye filaya ya kama hanyar gida, rabonsa kuma ya tafi da tafiyarsa. Ya juya ya hau tsani.

Auta ya koma ya tsuguna gaban batura, filaya a hannun dama, bakin waya a hagu. Murɗawa huɗu ce kawai tsakaninsa da kaskon Inna. Ya san in ya haɗa, fitilu za su kama, kowa zai ce madalla. In wani abu ya faru bayan mako ɗaya, za a ce inbata ce ba ta da kyau, ko a ce ƙaddara, ba mai tuna yaron da ya riƙe filaya. Ya tuna kuma Tanko ba maƙiyinsa ba ne. Shi ya koya masa tsayuwa a kan tsani, shi ke saya masa shinkafa da wake ran da babu ciniki, shi ya taɓa fizge shi daga jikin wayar da ba a kashe ba. Ƙin umarninsa a gaban mai aiki tozarci ne, ƙarami kuma ba ya tozarta babba a sana'a ya zauna lafiya. Ya ce wa kansa wataƙila Hajiya ba za ta taɓa kunna komai lokaci ɗaya ba. Sai ya tuna azumi ne, kuma dalilin sayen kayan ke nan. Ya ce wataƙila inbata za ta kashe kanta in bolt ya yi ƙasa. Sai ya tuna da tsakar rana sola na cika batir, turin zai ishe ta ta ci gaba da ja, wayar kuma ta ci gaba da dahuwa. Duk ƙofar da ya buɗe, sai ya tarar da 300 ɗin nan tsaye a bakinta. Ya dubi tabarmin nan biyu. Sannan ya ajiye filaya a kan kwali, ya naɗe wayar, ya miƙe.

Hajiya tana zaune bakin ƙofa da littafin bashinta a cinya. Ta ga yaro ya rataya jaka rana ba ta yi ba, ta ce ɗan nan, ina zuwa, an gama ne? Auta ya durƙusa ya ce ranki ya daɗe, ba a gama ba, shi dai hannunsa ba zai iya haɗa wannan wayar ba. Ta ce saboda me? Bai ambaci araha ba, bai ambaci farin da ya gani a ƙarƙashin ja ba, bai kuma kira sunan kowa ba. Ya ɗauko kwalin ya nuna mata: ga abin da kayanta ke ci, ga abin da zai bi ta wayar, ga zafin da zai fito. Hajiya ba ta san om ba, amma ta shekara talatin tana raba riba da uwar kuɗi, ta kuwa san lambar da aka yi wa ƙarya da wadda ba a yi wa ba. Ta bi layukan da yatsa har ƙasa. Tanko ya leƙo daga rufi ya ce Hajiya kada ta biye wa yaro, karatun allo ne ke damunsa, shi zai haɗa da kansa, in ba ta ga wuta yau ba kada ta biya shi.

Hajiya ta yi shiru. Babba ya ce e, ƙarami ya ce a'a, ga azumi a bakin ƙofa. Ta ce wa Tanko ya ƙarasa aikinsa. Amma da Auta ya juya zai tafi, ta kira shi ta tambaye shi a hankali, ita da ba ta da mita, ta yaya za ta gane mai gaskiya? Ya ce ta kwashe kwalaye da leda daga wurin tun yau, kada kuma kowa ya kwana a ciki. Gobe da rana ta kunna komai gaba ɗaya, ta tsaya a wurin kada ta matsa, bayan 'yan mintoci ta kai bayan yatsa kusa da robar wayar. Ta karɓi kwalin ta sa a ƙarƙashin littafinta.

Da la'asar Tanko ya gama. Ya kunna fitilu goma da fanka ɗaya, shago ya haske, maƙwabta suka taru suna sa albarka. Ya kama wayar da hannu ya ɗaga wa jama'a, ya ce ga ta nan, ina zafin? Da gaskiyarsa kuwa, don abin da ya kunna bai fi amfiya 20 ba, 20 sau 20 sau 0.03 kuma wat 12 ne, ɗan ɗumi kawai. Labari ya riga Auta isa gida, cewa ya tsorata da wutar batir ya gudu. Inna tana wanke wake ta tambaye shi abin da ya faru, ya gaya mata. Ta daɗe ba ta yi magana ba, sannan ta ce Allah Ya sa haka ya fi alheri, ta ci gaba da wankinta. A daren nan da tsohon kasko aka kwana.

Washegari da azahar Hajiya ta sa aka cika firiza uku da ƙullin zoɓo, aka kunna fankoki da fitilu, aka tayar da injin markaɗe. Ta jawo kujera ta zauna gaban batura, agogo a hannu. Inbata ta soma ɗan kuka tana yin shiru. Ba a yi minti biyar ba wari ya tashi, warin robar da ta ji wuta. Ta kai bayan yatsa, ba ta ma taɓa ba ta janye. Tana kallo robar ta yi laushi ta soma zamewa daga bakin ƙarfen batir, wani siririn hayaƙi na fita. Ta kashe inbata, ta sa aka kashe komai, ta aika a gaya wa Tanko ya zo ya kwance wayarsa. Inda kwalayen suke jiya, nan robar ta ɗiga.

Baba ya dawo ranar azumi na biyu, ido ɗaya a rufe da auduga. Bai gama zama ba sai ga Hajiya da kwali a hannu ɗaya, wayar da ta narke a ɗayan. Ba ta ɗaga murya ba, ta ajiye su a kan benci ta ba da labari daga farko har ƙarshe. Baba ya shafa wayar da yatsunsa, ya kai ta hanci. Ya ce idonsa bai ga rubutu ba tukuna, Auta ya karanta masa abin da ke kan kwalin. Auta ya karanta, murya na rawa. Da ya gama, Baba bai ce ya kyauta ba, bai kuma zagi Tanko ba. Ya ce Auta ya ba yayansa alli.

Ya ce wa Tanko, waya mai lamba 25 ta jan ƙarfe na gaske ta ninka mai 2.5 kauri sau goma, to ya gaya wa Hajiya zafin da za ta fitar. Tanko ya tsaya gaban allo ya daɗe. Auta ya motsa baki zai taimaka, Baba ya ɗaga hannu. Can Tanko ya rubuta 0.021, ya raba da goma, ya sami 0.0021. Ya ninka 100 da 100, ya ninka da abin da ya samu, ya ce wat 21. Baba ya ce to ya ga aikin bai fi ƙarfinsa ba, ƙin yi ne kawai. Ya ce a sayo mai 35 saboda fizgar firiza, a kankare a gani kafin a biya, a sa fis kusa da batir, kuɗin kuma daga aljihun da canjin ya shiga za su fito. Tanko ya ce ya ji, Baba. Ya juya ga Hajiya ya ba ta haƙuri.

Su biyun suka je Zariya da asuba, suka dawo kafin azahar. Tanko ya matse kawunan wayar da ƙarfin hannun da Auta ba shi da shi, ya ɗaure su tsaf. Aka kunna komai. Mitar Baba mai baki ta nuna amfiya ɗari da 'yan kai, Auta ya auna tsakanin farkon waya da ƙarshenta, bolt ɗin da ya zube bai kai 0.2 ba. Tanko ne da kansa ya karɓi kwali ya raba ya ninka, ya ce zafin bai kai wat 20 ba. Hajiya ta zauna da agogonta rabin awa, ta kama wayar da tafin hannu, ta saki, ta shiga ciki ta ƙirgo kuɗin aiki ta ba Baba. Baba ya raba gida biyu daidai. Tanko ya dubi nasa, ya dubi na Auta, bai ce komai ba. Kafin azumi ya kai goma, ƙanƙarar Hajiya ta kai har ƙauyukan gefe, Inna kuma ta soya ƙosan buɗa-baki a sabon kasko.

Kai mai karatu, ran da za a haɗa maka batir da inbata a gida ko a shago, kafin a yanki waya ka yi wa mai aikin tambaya ɗaya: amfiya nawa za ta bi ta nan? In ya tara wat ɗin kayanka ya raba da bolt ɗin batir ya gaya maka, ba shi kujera ka kawo masa ruwa. In kuwa ya yi dariya ya ce kada ka damu, ba shi kuɗin mota ya koma.